Sunan da Ban Kira Ba

Zainab, ke kika fi kowa yawan tambaya a gidan nan, saboda haka wannan babin naki ne kafin ya zama na ƙanenki Faruku. Tun kina ƙarama kike ƙorafin cewa yayanku na Gusau ba ya son ku, wai in an kira shi a waya gaisuwarsa gajeruwa ce kamar ta wanda ya bar tukunya a kan wuta. Na kuma taɓa jin ki da kunnena kina gaya wa ƙawarki cewa babansa mugun mutum ne, shi ya hana a kawo shi Ingila ya tashi tare da ku. Ban gyara miki ba a ranar, domin gyaran yana da tsawo, kuma ba ya yi mini daɗi a baki. Yanzu da baban nasa, Lawali, ya riga mu gidan gaskiya, ba zan bar shi da sunan mugu a bakin 'ya'yana ba. Gaskiya ne ya ƙi sa hannu a takardar yarda. Amma yadda aka yi ya ƙi ɗin ba ku sani ba, kuma ni kaɗai na rage da zan iya ba ku labarin.

Sai na fara da abin da ku ba ku tashi da shi ba. Ku nan kowa kiran sunan kowa yake gatsal, har malaminku na makaranta. A Tsafe inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma ba ita ke fara rugawa ba, sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Nawa ɗan farin kuwa abin ya zo masa biyu, domin sunan kakansa aka sa masa, wato surukina, wanda duk Bunguɗu ke kira Malam Babba. Mutanen gidan suna ce wa yaron Mai Sunan Malam. Ni ko wannan ban iya ba. "Kai" nake ce masa, in kuma zancensa nake da wani in ce "yaron nan". Haka muka yi ta zama da shi, kuma ban taɓa tunanin akwai abin da ya rasa ba, tunda ni na san abin da ke zuciyata.

Abin dariyar shi ne, ni ba mace ce marar baki ba. Ungozoma ce ni a asibiti a Gusau, kuma an san bakina tun daga ƙofar shiga har ɗakin haihuwa. Na sha tare maigida a baranda in wanke shi tas don ya bar matarsa tana naƙuda a gida har ta galabaita. Likitoci ma lallaɓa ni suke yi. Aikin nan ne ya raba ni da Lawali. Shi manomi ne mai sayar da hatsi, yana son ya dawo daga kasuwa ya tarar da matarsa a gida, ni kuwa ba na iya barin asibiti. Muka rabu ba zagi ba duka. Da na auri babanku, kowa ya ɗauka Lawali zai aiko a ɗauki ɗansa kamar yadda aka saba, amma ya ce a bar shi wurina ya ci gaba da makarantarsa, ya riƙa zuwa Bunguɗu hutu. Ku riƙe wannan a ranku duk lokacin da za ku yi maganarsa.

Yaron yana shekara tara aka ba ni aiki a Ingila. A lokacin ana neman ungozomomi da ma'aikatan jinya, na gwada ba tare da na sa rai ba, sai abin ya faɗo kaina. Babanku ya ce mu tafi. Aka ce ana iya zuwa da yaro, amma ofishin jakadanci ba zai ba shi biza ba sai da yardar mahaifinsa a rubuce. Ni a ganina wannan ƙaramin abu ne. Har na je gwanjo na sayo masa wata jibgegiyar rigar sanyi mai ruwan toka, hannunta ya wuce yatsunsa. Damina ce, ana zafi mai ɗanko, amma yaron nan ya sa rigar ya ƙi cirewa. Da ita yake cin tuwo, gumi na zuba, yana gaya wa 'ya'yan maƙwabta cewa a jirgin sama za a ba shi kujerar kusa da taga. Na aika wa Lawali da maganar ta bakin wani abokinsa. Amsar da ta dawo gajeruwa ce: bai yarda ba.

Da na kai kuka gida, Kawuna Ɗanjuma ya ce wannan ba zancen aike ba ne, zama za a yi a gaban Malam Babba. Hankalina ya ɗan kwanta, domin tsohon yana ƙaunata. Ni na karɓi haihuwar jikokinsa da dama, kuma ko bayan rabuwarmu da ɗansa bai fasa aiko mini da gero sabon yanka ba. Ranar zaman na yi sammako zuwa Tsafe na ɗauko Kawu da Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina, wadda ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Muka ɗauki shatar mota. Yaron yana gaba da rigarsa kusa da Kawu, ni da Gwaggo muna baya. Muna wuce duwatsun Kwatarkwashi ta matso ta dafa gwiwata.

"Ki ji ni da kyau, Rabi. In mun isa, bakin ga naki na asibiti ki bar shi cikin mota. Gidan surukai za mu, kuma zancen ɗan hwari za a yi."

"Gwaggo, in an tambaye ni fa?"

"Ki ce nasu na. Ɗiyar gidanmu ba ta buɗa baki ta ce a ba ta ɗanta. Kawunki na nan, shi ka magana. Ke dai ki bar masu, su sun san abin da za su yi."

Ban yi mata gardama ba, domin ba sabon abu ta gaya mini ba. Haka ake yi. Kai mai nema ka nuna ba ka isa ka nema ba, ka ce abin nasu ne. Su kuma masu abu su nuna girma, su ce sun ba ka. Kowa ya tashi da mutuncinsa. Na ga an yi haka a zancen aure, na ga an yi a zancen gona, kuma ban taɓa ganin ya ɓaci ba.

Mun tarar an share zauren Malam Babba an shimfiɗa tabarmi. Aka kawo fura da hoce, ba wanda ya ci sai Kawu. Ni da Gwaggo muka rakuɓe a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, na ja mayafi har goshi. Lawali yana gefen mahaifinsa, ya rame fiye da yadda na san shi, ƙafarsa da sauran jar ƙasar gona. Yaron ya ruga wurin 'yan uwansa yana nuna musu riga, sai tsohon ya sa aka kira shi ya zaunar da shi a gabansa, yana wasa da hannun rigar yana dariya. Kawu ya yi bayani mai kyau, ya jawo zancen ilimi, ya jawo zancen zumunci, ya yi alkawarin za a riƙa kawo shi hutu. Sannan aka ba Lawali dama.

"Baba, ni ban ƙi Rabi da alheri ba, Allah ya sani. Amma shi ɗai gare ni namiji. In yat tahi, da wane baki za shi dawo shi gaishe ka? Wa za shi nuna mai iyakar gonarmu? Ina tsoron in aika yaro, a maido min baƙo."

Muryarsa na rawa ya faɗi haka. Ni da na zo da shirin jin haushinsa sai na rasa inda zan ajiye haushin. Malam Babba ya ja carbinsa, sannan ya ce:

"Lawali, karatu za a kai shi, ba saida shi za a yi ba. Gona tana nan inda ka bar ta. Uwa kuma guda ɗai ta."

Da jin haka na san tsohon ya riga ya yanke, kuma wajena ya karkata. Lawali ma ya sani, domin ya sunkuyar da kai. Saura kawai a bi hanyar da aka saba a rufe zance. Sai Malam Babba ya juyo wajen ƙofa.

"Rabi, mun ji na maza. Ke mi kic ce? Kina son a ba ki shi?"

Yaron ya waiwayo ya dube ni. Har yau ina ganin fuskar, gumi a kan hancinsa, wuyan riga ya kusa rufe masa kunne. Na ji yatsan Gwaggo a bayana. Na dubi tabarma na ce:

"Ban da ta cewa, Baba. Ɗanku na. Duk yadda kunka yi daidai na."

Kawu ya gyaɗa kai. Gwaggo ta sauke numfashi. Tsohon ya yi murmushi ya ce madalla, ya fara cewa tunda na bar musu, su ma ba za su gaza ba. Da ya ƙarasa wannan maganar, da yau ba na rubuta wannan babin. Amma kun san kaka da jika ba sa rabuwa da tsokana, balle mai sunansa. Kafin ya ƙarasa sai ya ja kunnen yaron cikin wasa ya ce:

"Kai takwara, ashe tahiya za ka yi ka bar ni? Za ka bi uwarka?"

Kowa ya shirya dariya, ana jiran ya ce a jirgi za a ba shi taga. Yaron bai yi dariya ba. Bai sake duba inda nake ba. Ya ce:

"Ta ce ba ta da ta cewa. Nan zan zamna wurin Babana."

Duk manyan da ke zauren sun san abin da maganata take nufi. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ne aka taru dominsa. A Gusau ya tashi tsakanin makaranta da gidan haya, bai taɓa zama inda ake irin wannan zance ba. Abin da ya gani shi ne an tambayi ubansa, uban ya kusa kuka a kansa. An tambayi uwarsa ko tana son sa, ta ce ba ta da ta cewa. Tsohon ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya ce takwara wasa yake. Yaron ya maimaita maganarsa, a hankali, ya tashi ya koma kusa da Lawali ya zauna. Lawali ya ɗago kai ya ce, "Baba, ka ji da kunnenka." Daga nan ba wanda ya iya mayar da zancen inda yake.

A nan ne ya kamata in yi magana. Ba wani dogon jawabi ake buƙata ba. In yaye mayafi in kira sunansa in ce ina son ka, zo mu tafi. Ni da nake daka wa maza tsawa a baranda, na zauna a bakin ƙofar nan harshena ya yi nauyi, ina tunanin me Gwaggo za ta ce, me matan gidan da ke laɓe a bayan zana za su kai Tsafe. Aka shafa fatiha ina zaune.

Muna shirin shiga mota sai ga shi ya fito daga shi sai 'yar singileti, ya rungumo rigar. Ya miƙo mini ta taga.

"Ga rigar. An ce can sanyi a kai."

Na karɓa. Gwaggo tana gefena, direba yana kallo, 'yan uwansa sun kewaye motar. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ka riƙa jin maganar babanka." Ya ce to. Mota ta tashi. Ba mu kai Gusau ba Gwaggo ta fara yabona, wai yau na fid da su kunya, na nuna ni 'yar gida ce, yaro kuma ƙuruciya ce, kwana biyu zai nemi uwarsa. Na rungume rigar ina jin warin guminsa a jikinta har Tsafe.

Bai neme ni ba. Kawu ya koma wurin Lawali shi kaɗai, ya dawo da amsar da ta fi ƙin farko ciwo. Lawali ya ce ranar zaman ya riga ya haƙura, da mahaifinsa ya ce a sa hannu da ya sa. Amma yaro ya faɗa da bakinsa a gaban kakansa, shi kuma ba zai tura ɗansa inda bai ce za shi ba. In yaron ya canja magana, a kawo takarda ko yana gona zai sa hannu. Na je Bunguɗu da kaina kafin tafiya. Aka kira shi, ya durƙusa ya gaishe ni a tsakar gida cike da mata, na tambaye shi makaranta, ya ce lafiya. Na ce ko ya sake shawara, ya ce a'a. Ban ja shi gefe ba. Ko a lokacin ina ganin jan ɗan fari ɗaki a gidan surukai abin magana ne.

Wani ya ba mu shawarar a bi ta bayan gida, a yi takardun da za su nuna babanku ne ya haife shi. Babanku ya ce ba zai saci ɗan wani ba, kuma ko an yi, ɗaure yaron za a yi a sa shi a jirgi? Ya rage mini in zauna ko in tafi. Na tafi. Na gaya wa kaina hutu ɗaya ne zan dawo in ɗauke shi. A wannan shekarar na samu cikinki, Zainab, aiki ya riƙe ni, hutu ɗaya ya zama shekaru. A lokacin waya sai a gidan wani Alhaji a Gusau, don haka kaset nake ɗauka in aika. Ina zama in gaishe da mutanen Bunguɗu ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har da jariran da na karɓa. In na zo kansa sai in ce, "Yaron nan kuma a ce ya dage da karatu." An ce a zaure ake kunna kaset ɗin, kowa ya taru. An ce yana zama ya saurara har ƙarshe.

Da na fara zuwa gida ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. A da can Inna yake ce mini. Ranar ya durƙusa ya ce, "Hajiya, an zo lafiya?" kuma Hajiya nake har yau. Bai taɓa yi mini rashin ladabi ba. Shi ke ɗauko ni daga tasha, shi ke gyara mini ɗaki, in na yi rashin lafiya shi ke fara kira. Da ya girma ba ya buƙatar sa hannun kowa, na ce ya zo ya ƙaro karatu, ya ce ya gode, harkar hatsin babansa ta riƙe shi. Ladabin nan nasa ya fi zagi yi mini zafi, domin irin wanda ake yi wa baƙuwa mai daraja ne. Abin da kike ji a waya ke nan, Zainab. Ba ku yake ƙi ba.

Bara da na je ta'aziyyar Lawali, na sauka a gidan yayanku a Gusau. Yana da 'yar fari, Hauwa'u, mai surutu kamar ke. Da yamma ana zaune a tsakar gida da 'yan gaisuwa, sai ya shigo yana ƙwala mata kira tun daga zaure, ya ɗaga ta sama ya ɗora a wuya, yana tambayarta wa ya taɓa masa Hauwa'unsa. Wata gwaggonsa daga Bunguɗu ta riƙe baki.

"Kai Mai Sunan Malam, ba ka da ta ido? Ɗiyar hwari ta fa. Gaban mutane kaka kiran sunanta haka?"

Ya yi dariya, bai dubi inda nake ba.

"Gwaggo, a gidan ga ba a wannan. Gara ta ji da kunnenta."

Mata suka yi dariya aka wuce zancen. Ni kuwa kamar an yaye mini zane a kasuwa. Ban san ko da ni yake ba, kuma ban tambaya ba. Na zauna ina juya kofin shayi har ya huce. Gwaggo Hassi ta daɗe da rasuwa, Malam Babba ya tafi, Kawu ya tafi, yanzu ga Lawali. Duk waɗanda na ji kunyarsu a zauren nan ba ko ɗaya, sai ni da wanda na bari.

Washegari da safe yana tsakar gida ya ba ni baya, yana ɗaure wa Hauwa'u takalmin makaranta. Matarsa na wanke-wanke, gwaggon nan tana kan tabarma. Na tsaya a ƙofar ɗaki. Na ce:

"Haruna."

Bai waiwayo ba. Ba fushi ba ne, ya ci gaba da ɗaurin takalminsa, domin bai san sunan nan da muryata ba. Gwaggon ce ta ɗago ta dube ni baki buɗe. Na sake faɗa da ƙarfi, muryata ta fashe a tsakiya. Hauwa'u ta ja masa hannun riga.

"Baba, Hajiya na kiranka."

Ya juyo a hankali, igiyar takalmin na hannunsa. Mutum mai furfura a gemu, ya dube ni irin duban da ya yi mini a zauren kakansa. Sannan ya ce, "Na'am."

Ya tsaya yana jiran ya ji aiken da zan yi masa. Na ce ba komai, kira kawai na yi.